Shaidar Darbejiya

Shekara goma sha tara nake dafa shayi
a gindin darbejiyar nan ta Tashar Dukku.
Ba ni na dasa ta ba, tarar da ita na yi.
Inuwarta ce shagona,
ba ta taɓa tambayata kuɗin haya ba.

Wata Laraba bayan la'asar
yarinya ta zo da almakashi ɗaure a bakin gora,
jaka a kafaɗa, cike da fararen ambulan.
Ta ce sunanta Dudu, daga jami'a,
tana neman izinin ganye goma.
Na ce, "Zazzaɓi ne? Ɗebi, ki haɗa da lemun tsami."
Ta ce, "Baba, ba sha zan yi ba,
tambayarsa zan yi."

Tambayar ganye!
Wani direban tirela ya yi dariya har ya ƙware da shayi.

Ba ta taɓa na ƙasa ba, wanda akuya ke kaiwa.
Na sama ta zaɓa, mai fuskantar kwalta.
Ta ƙirga taku daga titi zuwa gindi: bakwai.
Ta rubuta. Ta ɗaura jan zare a reshe.
Ta ce gobe za ta bi hanyar Kwami,
can inda babu ƙarar inji sai kukan kurciya,
ta yanko wa ganyena abokin gwaji.

Na manta da ita.
Sukari ya hau, madara ta hau, wa ke tuna ganye?

Wata uku sai ga ta da takarda.
Ta ce ta shanya shi, ta niƙe shi kamar kuka,
ta auna abin da bai kai ƙwayar gero ba,
na'ura ta ƙona shi, ya faɗi abin da ya sani.
Ta ce ganye na da bakuna,
dubbai, a bayansa, ido ba ya ganinsu.
Da su yake shan iska,
kuma abin da ya sha ba ya tofarwa.
Hayaƙin salansa, hayaƙin janaretan mai walda,
akwai naitirojin a ciki,
dangin takin nan da muke bin layi mu saya.
"Bishiyarka ta ƙoshi da shi, Baba,
ta fi ta Kwami nesa ba kusa ba."

Na ce, "To ai arziki ne! Taki kyauta!
Dubi yadda ta yi kore shar."
Ta ce, "Kumburi ba ƙiba ba ne."

Daga nan ba ta ƙara ba,
don a daidai lokacin tarina ya taso,
wannan da nake ce wa sanyi
ko da ana tsakiyar bazara.
Ta jira har ya lafa.
Ta biya kuɗin shayin da ba ta sha ba.

Yanzu in Asabe ta aiko a tsinko mata ganyen zazzaɓi
sai in ce a jira mai zuwa ƙauye.
Amma teburin ban matsar da shi ba.
Ina zan kai shi?
Motar da ke hura mini hayaƙin
ita ke sauke mini masu sayen burodi.

Da dare, in na kife kofuna,
nakan ɗaga fitila in duba sama.
Ni da ita kwano ɗaya muka ci tun ina da baƙin gemu.
Ita ta adana lissafi, ganye bayan ganye,
ni ban rubuta komai ba.

Jan zaren na nan, ya fara koɗewa.
Dudu ta ce za ta dawo bayan damina
ta sake tambayar reshen.
Ni babu wanda ya ɗaura mini zare.